Tsohon fili ko sabon haƙa: ina ya kamata kuɗin mai ya tafi?

Ɗalibin Ƙasa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu da suka san harkar mai. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta fitar da rahoto a Satumban 2025 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ake zubawa a haƙar mai da gas duk shekara ba ya ƙara komai, cike giɓin abin da filayen mai da gas da ake da su ke rasawa kawai yake yi. Har ta ce da za a ɗauke hannu gaba ɗaya, man da ake fitarwa zai riƙa sauka da wajen kashi 8 cikin 100 kowace shekara. To idan tsofaffin filaye haka suke cin kuɗi, me ya hana a rabu da su a je a nemo sababbi?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam. Ai kai ka tambaya, kai ka amsa. A rabu da su mana. Dubi Guyana. A 2015 aka gano mai a filin Liza da ke tekun ƙasar, Disambar 2019 aka fara ɗiba, kafin 2024 ta ƙare sun haura ganga 600,000 a rana. Ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan ɗaya ba. A nuna min tsohuwar rijiyar da za ta yi wannan.

Hajiya Mai Lissafi:
Ɗalibi, ka sake duba lissafin nan da kyau. Ba a ce kashi 90 ɗin a kan tsofaffin filaye ake kashe shi ba. Kuɗin Guyana ɗin da Sarki yake taƙama da shi ma yana ciki. Abin nufi, ko sabon fili ka buɗe, galibin man da ya kawo ramin da wasu suka bari yake cikewa. Kashi 8 ɗin nan ya haura ganga miliyan 5 a rana, kuma kowace shekara. Ka lissafa Guyana nawa za ka riƙa ganowa duk shekara kafin ka tsaya a inda kake.

Sarkin Gardama:
Hajiya kin fara da wuri yau.

Injiniya Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Bari in ɗan faɗa wa yaron nan yadda abin yake a ƙasa, don mutane da yawa tafki suke zaton akwai a can, ka zura bututu ka zuƙe har ya ƙafe. Babu tafki. Dutse ne mai ƙofofi ƙanana kamar soso, man yana maƙale a cikinsu, ga ruwan gishiri a ƙasansa, wani lokaci da gas a samansa. Abin da ke kawo shi sama a farko matsi ne, na gas ɗin da ya narke a cikinsa da na ruwan da ke tunkuɗo shi. Kowace ganga ka cire, matsin ya ragu. Idan wannan ƙarfi na asali kaɗai ka dogara da shi, ɗan kaɗan za ka samu rijiya ta yi shiru.

Shi ya sa idan aka haɗa filayen duniya aka raba, abin da ake iya fitarwa bai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku na man da ke cikin dutsen ba. Biyu cikin uku suna nan kwance. An san inda suke, akwai rijiyoyi a kansu, akwai bututu, akwai ma'aikatan da suka san halin wurin. Wanda ya ce a rabu da tsohon fili, wannan yake cewa a bari.

Ga Prudhoe Bay a Alaska. An gano shi a 1968, aka fara ɗiba a 1977. A lokacin an ƙiyasta za a samu ganga biliyan 9.6 ne. Yau an wuce biliyan 13 kuma ana kan ɗiba. Ba wani sabon mai ya sauko daga sama ba. Gas ɗin da ke fitowa tare da man aka riƙa mayarwa ƙasa, aka ɗura ruwa, aka haƙa ƙananan rassa daga cikin tsofaffin rijiyoyi zuwa lungunan da aka tsallake. Rarar nan ta sama da biliyan 3, da a wani sabon wuri aka gano ta da duniya ta ɗauka.

Ɗalibin Ƙasa:
Baba, ruwan da ake ɗurawa ba ya dawowa ne tare da man?

Injiniya Mai Ritaya:
Yana dawowa mana, ɗana, kuma shi ne ciwon kan tsohon fili. A wani wuri da na yi aiki, da safe za ka je bakin rijiya da kwalbar gilashi, ka buɗe ɗan famfon gwaji ka cika ta. Da zafinta take zuwa hannunka, launin ƙasa-ƙasa, tana kumfa. Ka ajiye ta a inuwa ka jira ta kwanta. In ka dawo sai ka ga man ya taru a sama bai kai faɗin yatsa biyu ba, sauran duk ruwan gishiri ne. Wannan rijiya a takarda sunanta rijiyar mai, amma a zahiri ruwa kake ɗagowa daga zurfin kilomita biyu ko uku, ka raba shi da mai, ka tace, ka sake turawa ƙasa. Da wutar lantarki ake yin duk wannan, kuma wuta kuɗi ce.

Ruwan kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana cin ƙarfe, yana kuma barin wani farin ɓawo mai tauri a jikin bututu. Na ga an zaro bututun da dunƙulen hannu ke shiga cikinsa, ɓawon ya toshe shi har babban yatsa da ƙyar yake wucewa. A ofis an yi ta cewa rijiyar ta mutu. Da aka canja bututu ta dawo aiki.

Sarkin Gardama:
To Injiniya ai ka taya ni. Mai yatsa biyu, ruwa kwalba guda. Wannan sana'ar ruwa ce. Kuma tun da ana kawo misalai, a kawo Cantarell na Meksiko. Ba irin wannan dabara taku aka yi masa ba? Aka ɗura masa iskar naitrojin daga shekarar 2000, ya haura ganga miliyan 2 a rana wajen 2004, daga nan ya rufta. Cikin 'yan shekaru ya koma ƙasa da rubu'in haka. Ina amfanin baɗi ba rai?

Injiniya Mai Ritaya:
Na ji daɗi da ka kawo shi da kanka. Dutsen Cantarell a tsattsage yake, mai yana gudu a cikinsa ba wuya. Da naitrojin ya riƙe matsi, sai aka ƙara rijiyoyi aka buɗe su sosai. Abin da aka fi samu shi ne saurin ɗiba. Man da za a ci a hankali aka kwashe cikin ɗan lokaci, gas ya sauko daga sama, ruwa ya hau daga ƙasa, suka matse man a tsakiya har suka kai bakin rijiyoyin. Kuma a lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar gwamnatin Meksiko daga mai yake zuwa. Wa zai je ya ce wa gwamnati a rage famfo?

Ka ajiye shi gefe ka ɗauko Ekofisk na Norwe, a Tekun Arewa. An gano shi a 1969, aka fara a 1971. Dutsensa alli ne, kuma da farko an ce kashi 17 cikin 100 kawai za a iya fitarwa. Da matsi ya ragu allin ya fara lotsawa, ƙasan teku ya riƙa nutsewa da dandamalan da ke kansa, wato manyan gine-ginen ƙarfe masu ƙafafu da ake aikin mai a kansu. A 1987 sai da aka yanke ƙafafun dandamalan aka ɗaga su mita 6 da manyan jak, aka yi musu ƙari. A shekarar kuma aka fara ɗura ruwan teku. Yanzu ana maganar sama da kashi 50, kuma ana sa ran fili zai kai wajen 2050 yana aiki. Daga 17 zuwa 50 a fili guda. Ka haɗa da Ghawar na Saudiyya, wanda ake ɗiba tun 1951. Tun shekarun 1960 suke tura ruwa ta gefunansa yana koro man zuwa tsakiya a hankali, kuma a takardar da Aramco, kamfanin mai na Saudiyya, ta fitar a 2019 ta ce har lokacin yana iya ba da ganga miliyan 3.8 a rana. Shekara kusan 70 ke nan.

Malam Na Gefe:
Ni dai ina karatu. Yanke ƙafar dandamali a tsakiyar teku a ɗaga shi! Allah ya yi wa ɗan Adam baiwa.

Ɗalibin Ƙasa:
Bayan ruwa da gas akwai wata dabara, Baba?

Injiniya Mai Ritaya:
Akwai, ya danganta da irin man. Idan mai kauri ne, tururi ake tura masa ya saki. Kern River a Kalifoniya tun 1899 aka gano shi, tururi ne ya farfaɗo da shi a shekarun 1960. Duri a Indunusiya ma haka. A Daqing na ƙasar Sin sinadarin folima suke zubawa a ruwan ya yi kauri, don ruwa tsinke yakan bi hanya mafi sauƙi ya wuce man ya bar shi, mai kauri kuwa sharo shi yake yi. Daqing ya riƙe tan miliyan 50 a shekara, wajen ganga miliyan ɗaya a rana ke nan, daga 1976 har 2002. Sai iskar kabon dayoksaid, wadda ke narkewa cikin mai ta sa shi ya kumbura ya saki dutse. A Teksas aka fara ta da girma, a filin SACROC a 1972. Ita ma haƙar kanta ta canja. A Troll na Norwe akwai mai shimfiɗe a ƙarƙashin gas, a wasu wurare kaurinsa bai kai mita 15 ba, an daɗe ana cewa ba ya ɗibuwa. Da aka iya haƙa rijiya a kwance tana bin cikin shimfiɗar tsawon kilomitoci, Troll ya shiga sahun manyan filayen mai na ƙasar.

'Yar Muhalli:
Gafara dai manya. Tun ɗazu ana ta yadda za a ƙara ɗiba kamar an gama yarda cewa ɗibar ce alheri. Ita wannan hukuma da Ɗalibi ya ambata, a 2021 ta ce idan duniya da gaske take kan daina ƙara hayaƙi mai ɗumama yanayi nan da 2050, babu buƙatar amincewa da buɗe sabon filin mai ko gas bayan waɗanda aka riga aka amince da su. Kuma tsohon fili ma ba waliyyi ba ne. Groningen na Holan, wanda aka gano a 1959, ɗibar gas ta sa ƙasa ta riƙa girgiza, gidajen mutane suka tsage. Bayan girgizar ƙauyen Huizinge ta 2012 jama'a suka tashi tsaye, a 2023 aka rufe shi, kuma da sauran gas mai yawa a ciki. Lotsawar da ta zama abin alfahari a Ekofisk ita ce ta hana mutane barci a can. Bambancin kawai babu gidan kowa a tsakiyar teku.

Sarkin Gardama:
An zo wurin. Ƙanwata, maganar 2021 da sharaɗi take: idan buƙatar mai ta faɗi da sauri. Ta faɗi? Duniya na shan sama da ganga miliyan 100 a rana.

'Yar Muhalli:
Yaya Sarki, ba za ta faɗi ba muddin kowa na cewa sai ta faɗi zai daina haƙa. Baba Injiniya, ina da tambaya kan kabon ɗin nan. Kamfanoni na tallar cewa binne hayaƙi suke yi. Gaskiya ne?

Injiniya Mai Ritaya:
'Yata, rabi da rabi. Wani kaso na iskar yana zama a ƙasa, wanda ya dawo da man kuma a sake mayar da shi, don sayensa aka yi, ba mai son ya tsere. Amma galibin wanda aka daɗe ana amfani da shi a Amurka ba daga bakin masana'anta aka kamo shi ba. Daga ƙarƙashin ƙasa aka haƙo shi, a wurare irin McElmo Dome na Kolorado, aka kai shi Teksas ta bututu. Wanda ya ciro abu daga rami ya sa a wani rami ba zai ce ya share sama ba. Na Weyburn a Kanada daban ne, a 2000 aka fara kawo masa daga wata masana'antar sarrafa kwal a Dakota ta Arewa. Ko shi ɗin, man da ya fito ƙona shi za a yi.

Hajiya Mai Lissafi:
Bari in koma kan Guyana, don Sarki ya ɗauki ɗan gata ya mai da shi ma'auni. Shekara 4 daga ganowa zuwa ɗiba abu ne da ba a saba gani ba, kuma an manta cewa tun 1999 aka sa hannu kan yarjejeniyar yankin. Rahoton 2025 ɗin ya ce a 'yan shekarun nan, daga ba da lasisin bincike zuwa gangar farko kusan shekara 20 ake ɗauka. Kashagan na Kazakistan, a tekun Kasfiya, an gano shi a 2000. Aka fara ɗiba a 2013, cikin 'yan makonni gas mai guba ya tsattsaga bututun, aka tsaya, aka canja su, sai 2016 aka dawo. An kashe sama da dala biliyan 50. Ka yi tunanin mai jarin da ya zuba kuɗinsa shekara 16 bai ga komai ba, farashin mai kuma ya faɗi warwas a 2014 yana kallo.

A tsohon fili kuwa, rijiya ɗaya za ka ƙara a tsakanin biyu, cikin watanni ta fara biya. In kasuwa ta lalace ka dakata. Sabon fili na teku mai zurfi ba a dakatar da shi a tsakiya. Masu kuɗi wannan suke dubawa fiye da girman abin da aka gano.

Sarkin Gardama:
Amma Hajiya duk dabararku ba ta hana tsufa. Jinkirta saukar kuke yi. Birtaniya ta kai ƙololuwa a 1999, duk da injiniyoyinta, yau ba ta fitar da ko rubu'in abin da take fitarwa a lokacin. Barazil kuwa da ta haƙa ta ratsa shimfiɗar gishirin da ke ƙarƙashin ƙasan teku ta gano Tupi a 2006, ga ta nan sama da ganga miliyan 3 a rana. Amurka ma dutsen shel, wanda sai an farfasa shi yake sakin mai, shi ne ya ɗaga ta daga wajen miliyan 5 a 2008 zuwa sama da miliyan 13.

Injiniya Mai Ritaya:
Kan tsufa ba na musu da kai, ba a taɓa yin filin da bai sauka ba. Amma shel da ka kawo shi ya fi kowa saurin tsufa. Rijiyarsa takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a shekarar farko, don haka ranar da aka daina haƙa ranar ake fara gangarowa. Kuma ka duba inda ake haƙar: yankin Permian da ke Teksas da New Mexico, inda ake ɗibar mai tun shekarun 1920. Haka Johan Sverdrup na Norwe, da aka gano a 2010 a yankin da ake ta bincike tun shekarun 1960, an sha haƙawa kusa da shi ana wucewa. Ya fara a 2019, ya kai ganga 755,000 a rana. Wannan sabo za ka kira shi ko tsoho? Bayanan tsofaffin rijiyoyi aka koma aka sake karantawa da sabon ido.

Malam Na Gefe:
Ba a taɓo maganar gas ba fa. Shi ma ruwa ake ɗura masa?

Injiniya Mai Ritaya:
A'a Malam, shi ruwa abokin gabarsa ne. Gas da kansa yake buɗewa ya fito, shi ya sa ake iya samun kashi 70 ko 80 nasa. Idan ruwa ya kutso sai ya tsare shi a cikin dutse ya kuma shaƙe rijiya. Abin da yake buƙata in ya tsufa shi ne injin matsawa da zai riƙa janyo shi. A Åsgard na Norwe a 2015 a ƙasan teku aka girke injin, kusa da bakin rijiyoyin, karo na farko a duniya. Ga kuma darasi ga masu ɗokin sabo: Zohr na Masar. An gano shi a 2015, aka fara a ƙarshen 2017, Masar ta daina sayen gas daga waje har ta koma sayarwa. Bayan 'yan shekaru ya fara sauka, ruwa ya shiga wasu rijiyoyi, a 2024 Masar ta koma sayo gas a jiragen ruwa. A lokacin filin bai cika shekara 10 ba.

'Yar Muhalli:
To in an gama tatsa fa? Wa ke kwashe ƙarafan?

Hajiya Mai Lissafi:
Yauwa ƙanwata, nan ne lissafin tsohon fili yake da ƙaiƙayi, kuma ba a son faɗa. Rufe rijiya da siminti da kwashe dandamali kuɗi ne masu yawa da ba sa dawo da ko ganga ɗaya. A 2017 jirgin Pioneering Spirit ya ɗauke saman dandamalin Brent Delta da ke Tekun Arewa, tan 24,000, a ɗagawa ɗaya, kuma wannan ɗaya ne cikin huɗu a fili guda. Saboda haka wani lokaci ana barin fili yana ɗiɗɗiga don kawai a ture ranar biyan nan gaba.

Manyan kamfanoni kuma sukan sayar wa ƙanana in fili ya tsufa. Wani sa'in alheri ne. BP ta Birtaniya ta sayar wa Apache ta Amurka filin Forties da ke Tekun Arewa a 2003, lokacin da ake ganin ya kusa ƙarewa, sabon mai shi ya haƙa rijiyoyi da yawa ya ƙara masa sama da shekara 20. Amma in ƙaramin ya karye, rijiyoyin sun zama marayu, suna fitar da iskar methen mai ɗumama yanayi, sai gwamnati. Amurka ta ware dala biliyan 4.7 a dokar 2021 don toshe irinsu.

Sarkin Gardama:
Kun gani ba? Ƙarshenta dai Forties ɗin ma Apache ta ce za ta daina ɗiba a Tekun Arewa kafin ƙarshen 2029.

Hajiya Mai Lissafi:
Ta faɗa, a 2024. Ka kuma karanta dalilin da ta bayar: harajin ribar makamashi da Birtaniya ta ƙara, da kuɗin da za a kashe don cika sababbin ƙa'idojin hayaƙi. Ba ta ce man ya ƙare ba.

Ɗalibin Ƙasa:
Anti, to man da ya rage a ciki fa? Wani zai iya dawowa ya ɗiba daga baya?

Injiniya Mai Ritaya:
A tudu yana yiwuwa, ana komawa tsofaffin rijiyoyi. A teku da wuya. Da zarar an toshe rijiyoyin an kwashe dandamali an rufe babban bututun da ke kai mai gaɓa, ragowar ba ta isa ta biya kuɗin sake gina duk wannan daga farko. Kuma ba shi kaɗai zai tafi ba. Bututun Forties filaye da dama ne ke zuba mansu a cikinsa suna raba kuɗin kula da shi, duk wanda ya fita nauyin ya ƙaru a kan waɗanda suka rage.